Awa Ɗaya da Rabi

A takardar da Balaraba ta miƙo min an rubuta:
Garwa zuwa Yawunde, awa ɗaya da rabi.
Na ce, sake karantawa, 'yar nan,
ko sun mance kwanakin ne a aljihu.

Shekara talatin da biyu ina jan albasa a hanyar nan.
Kwana uku in ka fito da sa'a,
biyar in damina ta ga dama.
Ban san ta da kilomita ba,
da ƙugu na san ta,
da tayoyin da ta cinye min,
da sefa nawa jandarma ke so kafin ya ɗaga sanda.

Yau ga ni an ɗaure da ɗamara kamar buhu,
za a kai idona wurin likita ya cire yana.
Wata yarinya mai koren ɗankwali tana nuna ƙofar gudu,
sai ka ce akwai inda za a gudu.
Inji ya yi gurnani, na kasa kunnen sana'a:
ba ya tari, ba ya neman ruwa.
Da muka ɗaga, ƙafata ta tafi neman birki
ta taka jakar maƙwabci.

Da idon da ya rage na leƙa.
Binuwai ta koma zaren da ya faɗo daga bakin tela.
Gadar da nake hawa da bismilla,
tsinken sakace ma ya fi ta kauri.

Na tambayi na kusa da ni, ina muke?
Bai dubi taga ba, agogo ya duba:
minti ashirin.
Ashe a sama ba a kiran gari da sunansa.

Minti ashirin. To, wajen Mbe ke nan, inda mata ke jera doya.
Gaba kaɗan hawan dutsen Ngaundare,
inda mota ke rarrafe da giya ɗaya,
yaron mota na biye da ita, katako a kafaɗa.
A nan Jauro ya kwanta.
Katako ya zame, mota ta ja baya
taku biyu kacal.
Muka rufe shi gefen hanya, a gindin ƙirya,
na kafa tsohon rim don shaida.
Tun ranar ban taɓa wucewa ban danna oda sau biyu ba.

Na manna goshi a gilashi.
Gajimare ne kawai,
tuli-tuli kamar auduga ranar awo.
Na ƙwanƙwasa tagar sau biyu da zobe.
Yarinyar ta matso: Baba, shayi ko lemo?

Shayi.
Bai kama ƙafar na Maitukunya a Meiganga ba,
wanda ke ba ka bashi har ka dawo,
ya haɗa maka da labarin inda gada ta karye.
Wannan ba labari, ba bashi,
kuma kafin ya huce
aka ce kowa ya gyara zama.

Ƙasa ta taso mana ja, kurmi ya kewaye ta.
Na sauka da alwalar da na yi a Garwa.
Rigata ko lanƙwasa,
bayana bai ce uffan ba.
Ban gaisa da kowa a hanya ba,
ba wanda ya ce min a sauka lafiya a Bertuwa,
ba wanda zai ce ya ga wucewata.

Balaraba ta kira uwarta: Inna, mun iso.
Ta miƙo min waya.
Na ce, Hajara, kayan sun iso,
direban yana Ngong tukuna,
yana buga taya da ƙarfe yana sauraron iska.
Zai tsaya wajen Jauro.
Ku ba shi zuwa gata.